Ƙwayar Riɗi

A Gani, bayan majami'a,
gindin tsamiya ne ajinmu,
buhun taki ne tabarmarmu.
Malama Bilhatu ba ta taɓa ganin mustad ba,
sai ta kwance bakin zane
ta ɗora wa kowa ƙwayar riɗi a tafin hannu:
"Bangaskiya ko kamar wannan ce, ta isa."

Habila ya lashe tasa.
Malama ta yi dariya har da ƙwalla,
ta ƙara masa wata.

Yau Lahadi ni ke riƙe da littafinta,
bangonsa ɗinke da zaren buhu.
'Ya'yan Habila biyu na sahun gaba,
ƙafa duk taɓon hanya, sun miƙo hannu.
Na dai zo da riɗin da yawa.