Wutsiyar Kalma

Bayan La'asar nake zuwa, Talata da Alhamis,
a kan keken nan nawa mai kukan sarƙa,
daga Ƙofar Marusa har injin casar shinkafa
da ke bakin hanyar Jibiya,
inda baƙon Tailan ke jirana da shayi ba madara.
Sunansa Firasit. Leburori suka ce harshensu ba zai iya ba,
suka raɗa masa Farashi, ya kuwa amsa.

Inji dai ya san shi kamar yunwar cikinsa.
Turanci ne ke yi masa gardama,
ni kuma shekara talatin ina shaƙar alli
kafin fansho ta sallame ni.

Ran nan muka iso kan kwatance.
Na ce mu Hausawa "fi" ta ishe mu:
raƙumi ya fi jaki tsawo, magana ta ƙare.
Ya yi dariya, ya ce ai su ma haka,
wata 'yar kalma gare su, "kwa",
a aje ta bayan siffa kamar dutsen awo,
sikeli ya rinjaya.
Na ce to Bature bai yarda da sauƙi ba.
In kalma gajeriya ce, sai ya ɗaura mata wutsiya,
in doguwa ce, ya sa mata ɗan rakiya a gaba,
kuma kada ka haɗa mata biyun,
kai ɗaya ba ya ɗaukar hula biyu.
Ga kuma 'yan tawaye:
"gud" ya tafi birni ya dawo "beta",
ko uwar da ta haife shi ba ta shaida shi ba.

Ya ɗebo shinkafa tafi biyu ya zuba kan littafi.
Ta garinsu ta fi tsawo, ta fi haske.
Tamu ta fi tsakuwa, in ji shi.
Na ce rubuta: ta fi riƙe ciki.
Ya rubuta, ya soke, ya liƙa wutsiya inda ba gurbinta.
Ranarmu ta fi tasu cizo, wannan ya yarda.
Barkononmu kuwa, wai wasan yara ne.
A nan muka yi ta musu har aka kira Magariba.

Ran Alhamis bai buɗe littafi ba.
Waya ya miƙo min: yarinya tsaye jikin ƙyaure,
an ja layi da biro bisa kanta,
ga wani tsohon layi can ƙasa, daidai kafaɗa.
Na ƙasan shi ya ja, daren da zai taso.
Ya haɗa jimlar da kansa,
a hankali, kamar mai ɗaure noti:
ta fi tsawo.
Wutsiya ta zauna daram, ba kuskure ko ɗaya.
Sai ya cije a kan "fiye da",
ya rasa wanda zai sa a bayanta.
Fiye da wa?
Ita ce dai, ta bara.

Ban ɗaga jan biro ba.
Baba na tuna, zaune a zaure yana auna mu da ido:
Sada ya fi ka kai, Sada ya fi ka hanzari.
Shekara hamsin ina goye da wannan jimla.
Sada na kwance a Ɗan Marna tun ina saurayi,
yau na fi shi shekaru, ni ƙanensa,
na fi shi furfura, na fi shi jikoki.
Wane littafin nahawu ya tanadi wannan?

Inji ya tashi, ƙaiƙayi ya sauka cikin shayi,
muka sha hakanan.
Ya ce Talata me ya rage?
Na ce na wanda ya fi kowa.
Ya ce da wuya?
Na ce ya fi na yau sauƙi.

Na hau keke.
Sarƙar ta fi jiya kuka.