Ƙofa Mai Lamba Sha Huɗu

Da arba'in da biyu a kaina na koma aji,
digirin farko ya daɗe da barci a gindin akwati.
Shekara sha shida ina feraye dankali
a kicin ɗin firamare, nan Dundee.
Na san yaron da ke cin abinci kamar ana korar sa,
ran Litinin musamman.
Na sani,
amma sanin mai girki ba shi da hatimi.

Hatimin na zo nema.

Aka shayar da mu doka sashe-sashe,
yaushe ake ɗauke yaro, yaushe ake barin sa,
wa ke da ikon cewa a'a ko da a'ar za ta cuce shi.
'Yan ajinmu sa'o'in 'yata,
yatsunsu na gudu, nawa na rarrafe.
Bashin karatu kuwa yana kwance gefena
kamar karen da bai fara haushi ba.

Sai kwana ɗari na koyon aiki.
Malama Ishbel ta miƙo fayil, ba ta ko ɗago ba:
"Fergus Doig. Hawa na tara. Lif ya mutu.
Matarsa ta rasu, shi kuma ya daina buɗewa."

Talatar farko na durƙusa a siminti
ina magana ta kafar wasiƙa.
Warin madarar da ta juya ya amsa mini.
Ta biyu ya ce, "Wa ya aiko ki?"
Na karanto sunan hukuma tiryan-tiryan.
Shiru.
Ta uku ruwa ya jiƙa ni har zuci,
na manta shafi na nawa ya ce a yi yaya,
na ce, "Gwiwata ciwo take, wallahi."

Sarƙa ta yi ƙara.

Ido ɗaya, rabin gemu.
"Kin san yadda ake miyar sha'ir?
Morag ba ta rubuta ba. Na gwada sau shida."

Ba a koya mana wannan ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni na zo da fam mai gida ashirin,
babu gidan miya ko ɗaya.
Na ce, "Kana jiƙa shi ya kwana?"
Ya ce, "Kwana?"

Da dare, gadar Tay na kyalli ta taga,
kundina na jiran kalma dubu sha biyar,
na tsaya kan layin da ke cewa: sakamakon ziyara.
Na rubuta: ƙofa ta buɗe, faɗin tafin hannu.
Na san Ishbel za ta ja jan layi,
ta ce a faɗe shi da harshen aiki.
Zan gyara.

Tukuna dai,
sai na duba ko akwai sauran sha'ir a kabad.