Madauki Ɗaya, Baƙi Ɗari Huɗu

Ƙarfe biyu na dare a Kuressaare,
ƙanƙara ta like bakin taga,
waya ta hau ruri a kan tebur.
Indrek ne, murya a dushe:
"Merike, tashi. Shafin tikiti ya sandare.
Mutum ɗari huɗu na son jirgin asuba,
kowa ya zuba wa da'ira ido tana juyi a allo."

Na zura safa biyu, na kunna kwamfuta.
Sabar ba ta mutu ba, tana numfashi.
Ba gobara, ba ɓarawo, waya ba ta tsinke ba.
Wani akawu ne barci ya ƙaurace wa,
ya nemi lissafin shekara tara:
kowace mota, kowane keke,
kowace tunkiya da ta haye ruwa.
Madaukinmu kuwa, bawan Allah,
ya tsaya cak yana ɗura masa duka a buhu ɗaya,
ya ƙi ɗaga kai ya ga na bayansa.

Ni na rubuta layin nan, a watan Yuni.
Har rigar da ke jikina ranar na tuna.

Madauki ɗaya gare mu, ba wa, ba ƙane.
Zagaye ne abincinsa:
ya taɓa wannan, ya leƙa wancan, ya wuce.
Ranar da ya zauna, gari ya zauna.

Uwata, Leida, shekara talatin da ɗaya
tana sayar da miyar kifi a bakin tasha,
ita kaɗai, tebur goma sha huɗu.
Ban taɓa ganin ta a gaban tukunya
tana gadin ruwa ya tafasa ba.
Ta aza, ta juya, ta miƙa burodi,
ta ba da canji, ta share wa yaro hanci,
murfi na motsi ta dawo.
In direba ya ce a cika masa kwano goma,
ɗaya take turawa: "Fara da wannan."

Sai na farke buhun.
Ɗebo layi ɗari biyar, aika, saki hanya.
Ɗebo, aika, saki.
A kowace ƙofa na dasa kalmar jira,
irin jiran da ke cewa: je ka, zan kira ka.

Na gwada. Ya sake sandarewa.
Na zagi allo da sunan da ba zan rubuta ba.

Ashe can ƙasa, a bakin rumbun bayanai,
akwai tsohon kira mai taurin kai
wanda in ya tura saƙo sai ya kafe a wurin
har amsa ta zo.
Shi na ɗauke, na kai ɗakin baya,
na ba shi zarensa, ya kafe iya son ransa.

Saura abu ɗaya. Layin akawu siriri ne,
in an ɗura masa da yawa zai shaƙe,
mu ma ƙwaƙwalwa ta cika ta tumbatsa.
Na ce: loma sai ya haɗiye ta baya.
In ya rufe ƙofa ya tafi, a sauke tukunya.

Huɗu da minti goma.
Lambobi suka fara sauka kamar yayyafi,
tikiti, tikiti, layin akawu, tikiti.
Indrek ya turo kalma ɗaya: "Yauwa."

Akawu ya sami fayil ɗinsa a minti goma sha ɗaya,
bai san ya taɓa tsare tsibiri guda ba.
Ba zan gaya masa ba. Tambaya kawai ya yi.

Na aza buta a wuta.
Ba mai jirana, ba mai kira.
Na tsaya a gabanta, hannu a aljihu,
ina kallo
har ta tafasa.