Hannun Marini

Ƙarfe ɗaya saura na dare, ɗakin maza, gado na tara.
Fanka ta tsaya, janareto na tari a bayan gini.
Baba Nalado ne, marini daga Ƙofar Mata,
jikansa ya kawo shi a adaidaita sahu,
wai yana tsaka da juya muciya a karofi
sai hannun hagu ya daina jin maganarsa.

Na murza tafukana su yi ɗumi kafin in taɓa shi.
Sista Delu ta koya mini haka tun ina ɗaliba:
kada ki gai da maras lafiya da hannu mai sanyi.

A makaranta an ce a danna farce,
in ya yi fari, a ƙirga sai jini ya komo.
An ce shuɗin farce alamar ƙarancin iska ne.
To wa zai gaya wa littafi
cewa shekara hamsin baba na cin waɗannan yatsu?
Shuɗi har wuyan hannu, har cikin tsagar fata.
Na bar farcen, na ja fatar ido ƙasa,
na ɗaga leɓe da haske.
A nan jininsa ya amsa mini, ja, ko da yake ya koɗe.

Na ɗora abin saurare ƙasan nonon hagu.
Bugu biyu, shiru, bugu biyu,
irin na mabuga in sun sa shadda a kan gungume.
Amma akwai wani na uku da ke laɓaɓowa a baya,
kamar yaron da aka hana taɓa guduma
ya faki ido ya buga.
Na ƙirga da agogon ƙirjina har minti ya cika.
Ɗari da huɗu.

Ƙaurinsa ya kumbura.
Na danna babban yatsa, na ɗauke,
gurbin ya zauna kamar a malmalar tuwo.

Baba, bi tocilar nan da ido.
Baba, ɗaga gira. Yi mini murmushi.
Ɓarin dama ya taso da fara'a,
na hagu ya yi zamansa kamar ba da shi ake ba.

Matse yatsuna.
Na dama ya kama ni har na ce wash,
hannun da ya saba matse turmi guda na yadi.
Na hagu ya kwanta a tafina, laushi,
tsumma da aka jiƙa aka manta.
Na shafa auduga a kai. Ka ji?
Ya ce, an taɓa ni ne?
Na ja bayan biro a tafin ƙafa,
babban yatsan ya miƙe sama,
amsar da na yi fatan kada in gani.

Muka juya shi, ni da jikan.
Bayansa tarihi ne:
sawun ƙahon wanzami, jeri uku,
tabon ƙuna a kafaɗa, ya ce tokar karofi ce mai zafi.
Na duba ƙugu, na duba duddugen ƙafa,
babu miki tukuna.
Duk awa biyu za a juya shi, na faɗa wa yaron,
ko yana barci, ko yana faɗa.

Na zauna zan cika kati kafin likita ya iso.
Layin launin fata ya tsaya yana kallona.
Sai na ji ya kama gefen rigata,
harshe na masa nauyi, kalma na jan kalma:
'Yata, wannan farin naki,
baba zai kama shi da kyau.
Tsomi uku ya ishe shi.

Na ce to, Baba, sai ka tashi.
Jikan ya yi dariya, ya goge ido da hula.
Gado na sha biyu na kiran ruwa.