Ta Saba'in da Uku

Sau saba'in da biyu na shirya ka ga mutuwa, Bimalendu.
Ni ne mai dama jinin, sukari da jan garura da guntun shayi,
ni ne mai manna maka gashin bakin aro.
Ka mutu a jirgin ƙasa, ka mutu a fadamar shinkafa,
ka mutu sau huɗu a gado ɗaya, labule kawai aka sauya.
Darakta ya ce a yanke,
ka miƙe, ka karkaɗe wando, ka ce ina tabata.

Ba su taɓa ba ka jarumi ba.
Kai ne kawun da ya cinye gadon marayu,
likitan da ya makara,
ɗan sandan da ake shararawa mari kafin waƙa ta uku.
Sunanka can ƙasan allo,
sa'ad da 'yan kallo ke laluben takalmansu.
Wata tsohuwa ta jefe ka da kan kifi a kasuwar Maniktala
don haushin marayun nan.
Ka sunkuya ka ɗauka, ka ce yau dai an biya ni.

Tun hoto na baƙi da fari muke tare.
Da launi ya zo ya tona mini asiri,
jinina ya fito kamar miyar tumatir,
ka yi dariya har gashin bakin ya faɗo.
Sannan tsufa ya ƙwace mini aiki:
tamojin da nake zana maka da fensir
suka zo da ƙafarsu, kyauta.
Hannunka na karkarwa, yaron darakta na jinjina gwaninta.
Ba mu gaya masa ba.

Jiya a bakin kogin Hugli, ana yayyafi,
mu goma sha ɗaya ne, har da mai shayin situdiyo.
'Yarka Mitali ta ce in ɗan gyara maka fuska.
Na buɗe akwati, na rufe.
Wannan karon ba ka iya ba, abokina:
baki a ɗan buɗe, kai ya karkace inda babu haske.
Da a gaban kyamara ne, da an sake ɗauka.

Na daɗe tsaye ina jiran wani ya ce a yanke.
Tarago ya wuce a titi yana kaɗa ƙararrawa.
Karan tabarka na aljihuna,
ruwa ya jiƙa shi.