Kubura da Albasa

A Agege muke, ɗaki ɗaya, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza kwanon rufi tun kafin kiran assalatu.
Nan Kubura ta cika shekara uku
bakinta a rufe, kamar gwangwanin madarar da ba a huda ba.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba.
Ni ina kasuwar Mil Sha Biyu tun duhu,
uwarta na kan keken ɗinki, ƙafa na taka, ido na bin allura,
sai mu miƙa mata waya.
Waya 'yar raino ce marar gajiya,
ba ta tsawa, ba ta neman albashi,
sai dai ba ta taɓa ce wa yaro, "Me ka gani?"
ta tsaya jiran amsa ba.

Nas ɗin asibitin unguwa, mai tabarau ɗaure da zare,
ta auna damtse, ta leƙa kunne, ta ja fatar ido.
Ta ce jini ya yi ƙasa.
Ta ce ƙwai, wake, kifi ko da kansa ne kawai,
gidan sauro, barci kafin janareton maƙwabta ya fara tari.
Ina ta gyaɗa kai.
Sai ta sauke tabarau ta dube ni:
"Wa ke hira da ita?"
Ni da ke lissafa buhu arba'in da ka ban kuskure sisi ba,
na rasa amsa.

Ruwan Yuni ne ya raba gardama.
Kwata ta cika ta leƙo har ƙofa,
wayar ta suɓuce ta bi ledoji zuwa teku.
Kwana uku Kubura na kuka.
A na huɗu na juye kwantan albasa a tabarma,
don ba ni da abin ba ta.

Ta dube su.
Ta ɗauki babba ta ajiye.
Ta ɗauki 'yar mitsitsiya ta jingina mata.
Ta ce, "Mama. Jariri."
Keken ɗinki ya tsaya cak.

Daga nan fa.
Iya Morenike mai ƙosai a bakin zaure
tana jefa ƙullu a mai tana ƙirga mata da Yarbanci,
Kubura na maimaitawa, tana haɗawa da ɗaya, biyu, bakwai.
Ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keke suka samu suna:
ja, shuɗi, da wanda ta kira launin miya.
Yaran tsakar gida suka mai da benci motar haya,
ita ce kwandasta, canjinta marafen kwalba,
kuma ba ta yafe wa kowa kuɗin mota.

Ba komai ne ya gyaru ba.
Zazzaɓi na zuwa ya kwashe mata mako guda.
Ranar da muka ɗaga murya kan kuɗin haya
ta shige ƙarƙashin tebur,
kalmominta suka koma ciki kamar dodon koɗi,
sai da muka yi kwana biyu muna lallashinsu su fito.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni ban ga tanƙwarawa ba.
Ban-ruwa na gani, kaɗan kaɗan, safe da yamma.

Jiya da dare, ina cire takalmi, ƙafa duk laka,
ta ce, "Baba, albasa ba ta da hannu,
da me take dukan ido?"
Kafin in buɗe baki jirgi ya wuce.
"A ina yake kwana? Yana da gidan sauro?"
Na ce ban sani ba.
Ta yi shiru, ta auna ni sama da ƙasa.
"To gobe mu je mu tambaye shi."

Gobe motar kaya za ta iso daga Aliero.
Na ce to.