Ɗakin Fayil, Birnin Kebbi

Shekara talatin da ɗaya ina nan,
a ɗakin ƙarshe, ƙarƙashin matakala,
inda fanka ta daina juyi tun ina da baƙin gashi.
Na san kowane fayil da igiyarsa.
Na san wanda gara ta cinye wa takardar kama aiki,
da wanda yoyon Agusta ya wanke wa mataki na takwas
ya bar shi a na bakwai har ya aje aiki.

Ran Litinin aka shigo da kwalaye.
Wani yaro, Nafi'u, ɗan Bunza,
ya jawo waya ta taga zuwa teburina,
ya ce, Baba Namata, yau ma'aikata za su koma kwamfuta.
Na ce, Allah ya sa can da fili,
nan dai sun sha matsi.

Ya ce in ɗora babban yatsa.
Na ɗora, na'ura ta yi ja.
Na goge a riga, na sake. Ja.
Ya duba yatsan, ya ƙunshe dariya:
takarda da laujen shinkafa sun share zanen.
Ni da na riƙe sunan mutum dubu huɗu a ka,
ni ne ba a gane ba,
sai da ƙaramin yatsa ya tsaya mini shaida.

Cikin kwana tara ta tono abin da aka binne.
Gado direba, da muka raka makwancinsa bara waccan,
ashe bai fasa karɓar albashi ba, har da kuɗin hutu.
Wani yana koyarwa a Kamba da Yauri da safiya ɗaya,
ban san irin motar da yake shiga ba.
Wasu a bene suka daina amsa gaisuwata.

Ba wannan ya hana ni barci ba.
Lauratu ce,
mai awon filaye, 'yar Zuru,
da ta zo ƙofar nan sau goma sha ɗaya
neman takardar tabbatar da ita a aiki.
In ce mata fayil yana sama,
sama su ce yana ƙasa.
Ranar ƙarshe ko zama ba ta yi ba.
Ta aje katinta a kan teburin nan
ta ce, Baba, ba laifinka ba ne.
Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya na ce wa Nafi'u ya buga sunanta.
Kafin in gyara tabarau ta fito,
ga hoto, ga ƙarin girma biyu da suka wuce ta tana jira.
Fayil ɗin kuwa, da muka janye kabad,
yana kwance tsakanin ƙarfe da bango,
taku huɗu daga kujerata.
Wani kamfani a Kaduna yake mora ta yanzu.

Nafi'u ya ce nan gaba mutum zai nemi hutu ta wayarsa,
ya ga matakinsa ba sai ya durƙusa wa kowa ba.
Na yarda.
Amma na hango a jakarsa ambulan mai adireshin Abuja,
kuma tasa takardar wata biyar ke nan tana jiran sa hannu.

Kwamfuta ta san ranar da ya cancanta,
ƙafar hawa bene ce ba ta da ita.
Yau ni na hau, da gwiwar nan tawa,
na tsaya a kan darakta har aka kira azahar,
har ya gaji ya zare biro.

Na sauko na miƙa wa yaron.
Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa kusa da ambulan.
Bai ce zai zauna ba, ban kuma tambaya ba.
Saura mini wata takwas.
Gobe zai koya mini inda ake danna sunan mutum
ba tare da an goge shi ba.